Gadar Tudun Kanya

To jama'a, ku gyara zama, na baya su matso. Labarin yau ba na dabbobin dawa ba ne, na mutane ne irinmu masu cin tuwo, kuma in na kai ƙarshensa aiki zai koma kanku. Saboda haka kowa ya kasa kunne da kyau, kada a zo wajen gardama wani ya ce akwai inda bai ji ba.

Akwai wani gari a bayan birni da ake kira Tudun Kanya. Da can ƙauyen manoma ne, 'yan gidaje da gonakin dawa. Da tsadar haya ta kori mutane daga birni, sai suka yi ta fitowa suna yankar filaye, wannan ya kafa ɗaki biyu, wancan ya kafa uku, kafin a ankara ƙauye ya zama gari. Amma abincin mutanen yana can birni. Teloli ne, da magina, da malaman makaranta, da 'yan kasuwa, da ma'aikatan asibiti. Abin da ya riƙe su shi ne jirgin ƙasa, wanda ke tsayawa a 'yar tasharsu da sassafe ya kwashe su, da yamma ya dawo da su. Tashar ba wata babba ba ce, dogon dakali ne na siminti da rumfar kwano da ɗakin sayar da tikiti. Duk da haka mai shayi da mai ƙosai da mai wankin takalmi, kowa a jikinta yake samun na cefane.

Matsalar tana nan dab da tashar, inda titin garin ya ƙetare layin dogo. Layin ya raba garin biyu. Kasuwa da makarantar firamare da ƙaramin asibiti da maƙabarta suna gabas, yawancin gidaje suna yamma. Wato mai rai sai ya ƙetare, mamaci ma sai an ƙetare da shi. Kuma babu shinge a wurin, babu fitila, babu mai gadi. Ga shi layin ya yi kwana daidai nan, a cikin kwanar kuma akwai wani tsohon gida mai doguwar katanga da ta tare ido. Direban mota ba ya ganin jirgi sai ya hau dogo, direban jirgi ba ya ganin titi sai ya zo kansa. Da kunne kawai ake ƙetarewa. Awaki sun tafi a wurin, jakuna sun tafi, mutane ma an sha ɗaukar gawa.

Wata safiya sai wata tifa mai ɗauke da yashi ta hau dogo, direbanta bai ji kukan jirgi ba saboda ƙarar injinsa. Da ya ga abin da ke tahowa ya buɗe ƙofa ya dira. Jirgin ya riga ya rage gudu don shiga tasha, shi ya sa Allah ya taƙaita, amma kan jirgin ya lotse, taragon farko ya sauka daga layi, mutane da yawa suka ji ciwo. Ba a rasa rai ba. Sai dai hukumar da ke kula da layin ta ce ta gaji. Ta yanke cewa za a toshe titin, a ja waya ta ɓangarorin dogo biyu tun daga farkon gari har ƙarshensa, jirgi kuma ya daina tsayawa a Tudun Kanya. Mai son shiga jirgi ya tafi tasha ta gaba. Mai son ƙetarewa ya zagaya ta gadar babban titi, tafiyar da mai ƙafa zai yi rabin wuni yana yi.

Dattawan gari suka sa manyan riguna, mai unguwa Malam Rabe a gaba, suka tafi ofishin hukumar. Aka karɓe su da mutunci, aka ba su ruwan sanyi, aka ce musu magana ta riga ta wuce. Suka dawo jiki a sanyaye. Wasu mutanen har sun fara cigiyar ɗakin haya a birni.

To, a nan mutum na farko ya shigo. Sunanta Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a birni, kowa a garin Sista yake kiranta. Mijinta malamin makaranta ne, 'ya'yansu kuma duk sai sun ƙetare dogon nan kafin su shiga aji. Tana tasha tana jiran jirgin ranar haɗarin, ita ce ta yayyaga zanin da ta ɗaura a kan fararen kayanta ta ɗaɗɗaure wa mutane raunuka kafin motar asibiti ta iso. Da ta ji abin da aka gaya wa dattawa ba ta yi wa kowa surutu ba. Ta ɗauki hutunta na shekara, ta sa kayan aikinta, ta je ta zauna a kan bencin da ke ƙofar babban manajan layin. Aka ce ba ya nan, ta ce za ta jira. Aka ce yana taro, ta ce za ta jira. Kullum sai ta zo, har masu gadi suka saba da ita suna ajiye mata wuri. Hutun ya ƙare ba ta gan shi ba, don ya koma bin ƙofar baya. Ta ci gaba da zuwa. Ran nan dai ta gano ƙofar bayan, ta tsaya a gindin matakala har ya sauko.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban zo roƙon a canja komai ba. Tafiya ɗaya nake roƙo. Ka zo ka ƙetare titin nan da ƙafarka lokacin da yara ke tafiya makaranta. In ka ƙetare ka ce a toshe, ni da kaina zan riƙa miƙa wa magina bulo."

Manaja ya dube ta ya ce, "Ke ma'aikaciyar jinya ce ko injiniya?"

Ta ce, "Ni ce mai ɗinke abin da dogon nan ya yaga, ranka ya daɗe. Na san shi ta inda ba ka san shi ba."

Ya ce zai zo. Kuma ya cika alkawari. Ta sa ya ajiye motarsa nesa, suka tako har bakin dogo suka tsaya. Ya ga yara tuli da jakunkuna a baya, manya na riƙe da hannun ƙanana. Ya ga mata da kwanukan talla, ya ga mahauta da nama a kafaɗa, ya ga an turo wani tsoho a baro za a kai shi asibiti. Rifkatu ta ce masa waya ba za ta hana mai naƙuda neman asibiti ba. Yanke ta za a yi, kuma daga ranar ba a wuri ɗaya za a riƙa ƙetarewa ba, ko'ina aka sami ɓula nan ne hanya. Tana cikin magana suka ji kukan jirgi. Manaja ya waiga ta inda kukan ya fito, bai ga komai ba sai katanga. Yana cikin leƙe sai ga kan jirgi ya ɓullo kamar daga cikin bango. Ya yi tsalle da baya, hularsa ta faɗi a ƙasa.

Ba a yi sati ba ya dawo, ya zauna a zauren mai unguwa, ya ce ya shawo kan na sama da shi da ƙyar. Ba za a rufe tasha ba. Za a sa shinge mai ɗagawa da fitila da ƙararrawa, a gina gadar masu tafiya da ƙafa, a gyara tashar kanta. Amma da sharaɗi biyu. Na farko, katangar nan da ɗakunan da ke jikinta sai sun tafi, don a nan ƙafar gada za ta zauna, kuma hukuma ba ta ware diyya ba, ba kuma za ta rushe gidan kowa da ƙarfi ba. Na biyu, in aka rasa rai ko ɗaya a wurin kafin a gama aiki, to an koma hukuncin farko, ba mai sake sauraron kowa.

Garin ya yi murna, amma ita Rifkatu ta biya. Shugabanninta a wajen aiki ba su ji daɗin kwanakin da ta ƙara a kan hutunta ba, ba su kuma ji daɗin jin muryarta a rediyo tana maganar tashar ba. Suka yi mata canjin wurin aiki zuwa wani ƙauye mai nisa inda ko dogo bai bi ta can ba. Ta tattara 'yan kayanta ta tafi, ta bar yara wajen babansu, sai ƙarshen wata take leƙo gida.

Mutum na biyu ita ce mai gidan nan na cikin kwana, Gwaggo Hansai. Tsohuwa ce, mijinta Malam Bawa magini ya rasu da jimawa, kuma shi ya gina gidan da hannunsa tun garin yana ƙauye. A zauren da ke kallon titi take sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, fasinjojin jirgi ne masu sayenta, ita kuwa ba ta taɓa shiga jirgin ba, ta ce ko kallonsa jiri yake sa ta. Wani attajiri ya daɗe yana bibiyar wurin yana so ya saya ya jera shaguna, babban ɗanta Shu'aibu da ke birni kuma yana ganin ranar da za a sayar kowa ya sami abin kama sana'a. Dattawa suka rasa wanda zai iya buɗe baki ya ce wa gwauruwa ta rushe gidan mijinta kyauta. Kowa ya tura wani, kwanaki suna tafiya.

A bakin mata masu sayen mai ta ji maganar. Da la'asar ta yafa mayafi, ta tsayar da mai adaidaita sahu, ta ce ya koma da ita baya kaɗan sannan ya ƙetare da ita dogo a hankali. Shekarunta nawa a gidan nan, amma kullum daga ciki take ganin katangarta, ba ta taɓa ganinta daga inda direba yake gani ba. Da suka tunkari dogo ta duba hagu, ba ta ga komai ba sai jar ƙasar da mijinta ya yaɓa. Ta ce ya sake komawa. Ya sake. Ta sauka, ta biya shi, ta shiga gida ta aika a kira Shu'aibu.

Ya zo ya durƙusa ya gaishe ta, ta gaya masa abin da ta yanke. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri ki dakata. In suka matsu za su biya. In kika ba su kyauta, me ya rage mana na Baba?"

Ta ce, "Lokacin da ubanku ya ja katangar nan amalanken shanu ne kawai ke bin titin. Da yana raye ya ga abin da na gani yau, ba zai kwana bai sa mata guduma ba. Kuma ba zan zauna ina jiran ciniki ba, wani ɗan ya mutu a bayan ɗakina."

Shu'aibu ya sunkuyar da kai, ya tashi ya tafi. Washegari da hantsi, kasuwa ta fara cika, mutane suka ga Gwaggo Hansai ta fito da taɓaryar da take dakan gyaɗa, ta tsaya a gaban katangarta ta ɗaga ta kirɓa mata. Ƙasa kaɗan ce ta zubo, don ƙarfin tsohuwa nawa yake. Ta sake kirɓawa. Sai ta juyo ta ce wa samarin da suka tsaya kallo, "Ku kuma kallo kuka zo yi?" Nan da nan aka kawo gudumomi da diga. Kafin azahar zaure ya tafi, ɗakin Malam Bawa ya tafi, aka sare itacen lemon da ya dasa, aka cike rijiyar tsakar gida. Tana tsaye aka yi duka, ba ta shiga ciki ba sai da mai tsayawa a titi ya iya hango dogo har inda ya ɓace a cikin gonaki.

Abin da ya rage mata ɗaki biyu ne da ɗan madafi. Wurin tuyar ƙuli-ƙuli ya tafi, sana'ar ta koma 'yar kwalba biyu uku a bakin ƙofa. Wanda ya fi mata ciwo kuwa, Shu'aibu ya ɗauke ƙafa. Salla ta zo ta wuce, ya aiko da yara da atamfa, shi bai zo ba.

Aka fara aiki da faɗuwar damina. Ɗan kwangila ya tone titin, ya yi wata 'yar hanya ta wucin gadi a gefe, ya zuba jar ƙasa da tsakuwa a tsakanin ƙarafan dogo don motoci su riƙa bi kafin a gama.

Sai mutum na uku, Lawandi direba. Yana da farar bas tasa ta kansa da yake jigila tsakanin Tudun Kanya da birni, ita ce gonarsa, ita ce shagonsa, da ita yake ciyar da iyalinsa da mahaifiyarsa. Shi dai ba ya ɓoye ra'ayinsa. Kwanakin da jirgi bai yi aiki ba bayan haɗarin tifa, ya yi cinikin da bai taɓa yi ba tun da ya fara tuƙi. A teburin mai shayi yakan ce da babbar murya, in an rufe tashar nan shi ba zai yi kuka ba, bas ta biyu zai saya. Ranar da aka ji Rifkatu ta yi nasara, kowa yana murna, shi kuwa ya ce ta zubar masa da miya.

Ran wata kasuwa aka kwana ana ruwa, da safe ma yayyafi bai tsaya ba. Wata akori-kura ta taho shaƙe da kwandunan tumatir, mata 'yan kasuwa zaune a saman kaya, cikinsu har da tsofaffi da mai goyo. Tana hawa hanyar wucin gadi sai ƙasar da ruwa ya jiƙa ta zurma, tayar baya ta faɗa tsakanin ƙarafa, mota ta mutu. Direba ya murɗa makulli, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Lawandi yana bayanta da fasinjojinsa. Ya duba hagu, kuma da yake yanzu babu katanga, ya hango fitilar jirgin safe can cikin gonaki tana tahowa. Direban jirgin ma ya hango su, ya taka birki yana ta danna ƙaho, amma dogo a jiƙe yake, jirgi sai sulɓewa yake yi. Matan da ke saman kaya suka ruɗe, masu ƙarfi suka fara dirowa, tsofaffin kuwa suka ƙanƙame igiyar kaya suna salati.

Lawandi ya daka wa fasinjojinsa tsawa su fita. Suna zubowa ya ja da baya, ya sa giya, ya taho ya daki bayan akori-kurar. Ta girgiza, ba ta fita ba. Gilashinsa ya tarwatse a fuskarsa. Mutane suna ta yi masa ihu ya sauka ya gudu. Ya sake ja da baya, wannan karon da nisa, ya taka mai har ƙasa. Akori-kura ta yi tsalle ta fice daga ramin, ta gangara can ƙetare da matan da tumatirinsu. Sai dai yanzu bas ɗinsa ce a kan dogo. Ya ci gaba da takawa, gabanta ya wuce, tsakiyarta ta wuce, jirgi ya kama wutsiyarta ya juya ta ya wurga a kwalbati.

Aka fito da shi da rai. Ba wanda ya mutu, ko a jirgi, ko a akori-kura, ko a titi. Amma bas ta zama tarkacen ƙarfe, ƙafarsa ta dama kuma likitoci suka yi iyakar ƙoƙarinsu, daga ƙarshe suka yanke ta daga gwiwa. Manaja ya zo da kansa ya duba wurin, ya ce sharaɗi bai karye ba tunda ba a rasa rai ba, ya kuma sa aka ninka ma'aikata. Da abokan Lawandi suka je dubiya, ɗaya ya tambaye shi yadda aka yi mai addu'ar a rufe tasha ya zama shi ya cece ta.

Ya ce, "Wallahi ban tuna da wata tasha ba. Mata na gani a saman kaya. Da na tsaya yin tunani ma, ƙila da ban yi ba."

Bayan kaka aka gama aiki, kuma aiki ya yi kyau, wanda ya san wurin da can ba zai gane shi ba. In jirgi ya doso, ƙararrawa ta kama kaɗawa, jar fitila ta kama walƙiya, sanduna masu ja da fari su sauko su tare titi ta kowane gefe, ga mai gadi a ɗan ɗakinsa. Gadar ƙafa ta haye dogo, gefe ɗaya matakala, gefe ɗaya gangara mai sauƙi don masu baro da keken guragu da masu ɗauke da makara. Aka ɗaga dakalin tasha ya yi daidai da ƙofar tarago, tsofaffi suka daina rarrafe wajen shiga. Aka ƙara tsawon rumfa, aka ja famfo. Yara suka riƙa tafiya makaranta su kaɗai, iyaye mata suka daina tsayawa a ƙofar gida suna sauraron kukan jirgi da hannu a ƙirji.

Sai hukuma ta aiko wa mai unguwa cewa tasha tana da sunanta, amma gada ba ta da shi, mutanen gari su zaɓi sunan mutum ɗaya a rubuta a allon da za a kafa a kanta. Wani ya ce a jera sunayen duka ukun. Aka ce masa ƙa'idar suna ɗaya ce, kuma ko an jera, bakin mutane na farkon kawai zai riƙe, an koma gidan jiya ke nan. Malam Rabe ya ce to a tambayi masu abin, ko wani zai janye. Ba wanda ya janye. Rifkatu ta ce ba za ta yi ƙarya ba, tana so 'ya'yanta su riƙa ganin sunanta kullum tunda ba sa ganinta. Gwaggo Hansai ta ce in ita aka zaɓa a rubuta Hansai matar Bawa, don a san a kan ɗakin wa gadar ta tsaya. Lawandi ya ɗaga sandarsa yana dariya ya ce shi dai kowa ya ga abin da ya ajiye a wurin, ba sai ya yi bayani ba.

Aka taru a ƙofar mai unguwa, gari ya rabu uku.

Masu goyon Rifkatu suka ce ita ce tushe. Lokacin da dattawa suka dawo hannu rabbana, ita kaɗai ta ƙi yarda magana ta wuce. Da ba ta jawo manaja ya ga wurin da idonsa ba, da waya aka ja, da ba a nemi katangar kowa ba, da babu hanyar wucin gadin da za a ceci wani a kanta. Kuma nata ba zafin lokaci ɗaya ba ne, kullum sai ta tashi ta sake zaɓar komawa kan bencin nan, tana sane da abin da zai iya biyo baya. Aka ce musu ai nata ciwon mai warkewa ne, wata rana za a dawo da ita gida. Suka ce shekarun ƙuruciyar 'ya'yanta fa, wa zai dawo mata da su?

Masu goyon Gwaggo Hansai suka ce alkawarin manaja magana ce kawai a zaure har sai da ta ɗaga taɓarya. Ita ce kaɗai ba wanda ya isa ya tilasta mata, ita ce kaɗai aka yi wa tayin arziki ta ƙi, kuma ta yi hakan don jirgin da ba ta taɓa shiga ba. Suka ƙara da cewa da katangar tana nan, da Lawandi bai hango jirgi da wuri ba, da direban jirgi bai taka birki ba, da duk an hallaka. Aka ce musu ai katangarta ce ta jawo masifar tun farko, gyara ta yi. Suka ce dogo da motoci ne suka iske katangar, ba ita ta iske su ba, kuma gyaran ya ci mata gida da sana'a da ɗa.

Masu goyon Lawandi suka ce a daina dogon zance. Waɗancan biyun sun ba da abin da suke da shi, shi ransa ya ajiye a kan dogo. Da ya bi fasinjojinsa ya fita, ba mai zarginsa, kuma da matan nan sun mutu, da an rufe tasha, da wahalar Rifkatu da rushewar gidan Hansai duk sun tafi a banza, shi kuma da yau bas biyu gare shi. Aka ce musu ai da bakinsa ya ce bai yi don tasha ba, bai ma yi tunani ba. Suka ce wanda hannunsa ya riga tunaninsa zuwa wajen ceton rai, shi ne na ƙwarai, kuma matan da ke saman tumatir suna nan da rai, a je a tambaye su.

Aka yi ta yi har aka kira magariba, aka watse ba a tsayar da magana ba. Aka sake zama, aka sake watsewa. Malam Rabe ya ce shi duk wanda ya saurara sai ya ji shi ne mai gaskiya, har sai na gaba ya buɗe baki.

To, ni dai na kawo ku daidai inda dattawan Tudun Kanya suka tsaya. Allo ɗaya ne, suna ɗaya yake ɗauka, kuma ba a yarda a bar shi ba rubutu ba. Tsakanin Rifkatu da Gwaggo Hansai da Lawandi, sunan wa za ku rubuta?